Hawa na Ɗaya

Litinin, 6 ga Agusta 1990, bayan la'asar

Yau ma saƙon bai iso ba. Ummaru ya buga tsayin ruwan gulbi a kwamfutarsa can Argungu, ni kuma ina nan Birnin Kebbi na zuba wa tawa ido. Abin da ya fito shara ce kawai: rabin lamba, sai wasu haruffa da ko aljani ba zai karanta ba, sai layin ya katse. Dole Ummaru ya ɗaga tarho ya karanto mini lambobin da baki, na rubuta da biro kamar yadda ake yi tun kafin a kawo na'urorin.

Aikin ba wani boka ba ne. Ruwan Rima yakan wuce ta Argungu kafin ya iso fadamun Ambursa, don haka ofishinmu na aikin fadama yake auna shi can, a turo mana nan, mu san abin da za mu gaya wa masu shinkafa. Kwamfutocin biyu ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, shi ya sa aka tura ni kwas Kaduna in koyo ƙa'idar da ke sa su ji maganar juna ta wayar tarho. Da rani abin ya yi ta tafiya lami lafiya. Tun da damina ta kankama ya lalace.

Oga Abdussamadu ya kira ni ofis. Don in nuna masa ba zaman banza na yi a Kaduna ba, sai na zana masa tsarin a takarda: bene mai hawa bakwai. Na ce saƙo daga sama yake saukowa, kowane hawa ya yi masa nasa aikin ya miƙa wa na ƙasa, har ya kai hawa na ɗaya, wato waya ita kanta. In ya isa can Birnin Kebbi kuma sai ya hau daga ƙasa zuwa sama. Kowane hawa da nasa aiki, ba ya shiga na wani.

Ya juya takardar, ya ce, “Kowane hawa kuma da mai shi ke nan?”

Na ce na bakwai na Ummaru ne mai bugawa, daga na shida zuwa na biyu nawa ne.

“Na ɗaya fa?”

Shi ya ƙarasa da kansa. “Malam Labbo. To madalla. Nemo man hawan da yar ruɓe, Maliki, ni ko in sauko da mai shi.”

Baki shi kan yanka wuya. Wa ya aike ni zane?

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Sunan da na rubuta ɗazu daga bakin Oga ya fito, ba zan sake rubuta shi ba. Mahaifin Kulsumi ne, matata. Baba nake ce masa. Shi ne mai kula da wayoyin ofishinmu na Argungu, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawan falwaya a aikin waya. Shi ya ja layin daga bakin titi zuwa ɗakin kwamfuta, falwaya uku, ta ƙarshe tana daf da gulbi.

Tun da ya ba ni 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Takalmi a ƙofar zaure nake barinsa, a tsugune nake gaisuwa, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In na je ofishin Argungu na hango shi a tsakar gida, ta baya nake zagayawa. Yanzu ni ne zan je in ce, “Baba, zo in auna aikinka”?

Malaminmu na Kaduna, wani dogo mai sanƙo, kullum sai ya buga allo ya ce in magana ta ƙi tafiya a fara dubawa daga ƙasa. Gobe zan fara daga sama.

Laraba, 8 ga wata, da hantsi

Argungu. Na zauna kusa da Ummaru na kalle shi yana bugawa. Yatsu biyu yake amfani da su kamar kaza tana tsince dawa, amma bai kuskure ko ɗigo ba. Hawa na bakwai lafiya lau. Na so a ce ba haka ba ne, Allah ya yafe mini.

Da zan fito na bi ta gefen gulbi. Na ɗaga kai na dubi falwaya ta uku, na sauke kai. Ban ga komai ba.

Alhamis, 9 ga wata, da azahar

An yi ruwa da safe. Layin ya mutu murus. Rana ta buɗe, ya ɗan farfaɗo.

Asabar, 11 ga wata, bayan la'asar

Na ɓata kwana biyu a hawa na shida, inda ake tabbatar da cewa harafin da waccan na'ura ta kira alif ita ma wannan alif ta sani. Na gwada haruffan ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ma amfani da su. Duk daidai. Na biyar, mai buɗe zance da rufe shi, kamar sallama da ban kwana tsakanin na'urorin, shi ma ba laifinsa. Na rubuta wa Oga rahoto mai shafi huɗu a kan abin da layi biyu za su ishe shi.

Kulsumi ta ce tuwon shinkafar da ta ajiye mini ya sandare. Na ce ta ba awaki. Ba ita ta yi mini laifi ba, amma ita ta sha.

Talata, 14 ga wata, da hantsi

Masu tarho sun zo sun auna nasu ɓangaren har bakin titin ofishin Argungu. Tsab yake. Shugabansu ya ce daga nan zuwa ciki ba nasu ba ne.

Baba yana wurin. Da ya ji haka sai ya shiga ɗaki ya ɗaga tarho ya kira Oga a Birnin Kebbi, ya ce, “Ranka shi daɗe, kana ji na?” Oga ya ce rau. Baba ya ajiye, ya ce wa jama'a, “To kun ji. Wayar da ta kai magana mi za ya hana ta kai rubutu?” Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, ina tsugune a bakin ƙofa kamar wanda ya zo roƙon iri.

Abin da ban faɗa ba shi ne kunnen mutum yana da haƙuri. In waya tana ɗan shuu, mutum zai cike giɓin da hankalinsa ya gane maganar. Na'ura ba ta da wannan kirkin. Ɗigo ɗaya ya canja, ta watsar da ƙunshin gaba ɗaya ta ce a sake.

Da Baba zai ajiye kan tarhon, sai da ya lalubi wurin sau biyu. Ɗakin da ɗan duhu dai.

Laraba, 15 ga wata, da yamma

Hawa na huɗu lafiya. Na uku kuwa, mai neman hanya da adireshi, wace hanya zai ɓata tsakanin na'ura biyu da waya ɗaya? Duk da haka na ba shi yini guda.

Juma'a, 17 ga wata, bayan an sauko masallaci

Na kai hawa na biyu, kuma nan ƙarya ta ƙare. Shi ne mai ƙulla saƙo ƙunshi-ƙunshi, ya liƙa wa kowane ƙunshi lambar shaida, in ya isa can a duba ko ya lalace a hanya. Yana kuma ƙirga waɗanda suka lalace. Ranar da gari ya bushe kaɗan ne, ranar da aka yi ruwa kusan duka. Hawa na biyu yana aikinsa, ihu ma yake yi cewa na ƙarƙashinsa ke ba shi ruɓaɓɓen kaya.

Ba sauran inda zan ɓuya. Akwai haɗin waya a kan falwaya ta uku da ke shan ruwa. Na sani tun ranar da na ɗaga kai.

Na yi shawara da kaina. Gaya wa Baba baki da baki ba zai yiwu ba. Gaya wa Oga kuwa korar Baba ce, ta wulaƙanci, a garin da kowa ya san shi. Sai na bi hanyar da aka saba. Na zaunar da Kulsumi na ce ta je gida gobe ta gaya wa Inna Hure, mahaifiyarta, ita kuma ta gaya wa Baba cikin hikima: haɗin da ke kan falwaya ta bakin gulbi ruwa na shiga, a sake shi a rufe. Na sa ta maimaita sau uku kamar hadda.

Ta ce, “Na jiya.” Ba ta dube ni ba.

Lahadi, 19 ga wata, bayan la'asar

Kulsumi ta dawo da ƙunshin busasshen kifi da albasa. Ta ce Baba ya gode ƙwarai, ya sa mini albarka.

Na ce albarkar mene ne?

Ta ce ta gaya wa Inna cewa Maliki ya ce akwai wata waya da ruwan sama ke damu. Inna kuma ta gaya wa Baba cewa surukinsa ya aiko a gaishe shi, ya ce ya riƙa kula da kansa da ruwan saman ga.

Wallahi sai da na yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Na aika saƙo ya sauka hawa biyu kacal, ya isa gaisuwa, amsarsa ta dawo kifi. Da na'ura ce ta yi haka da na kwance ta.

Litinin, 20 ga wata, da azahar

Na rage gudun modam, akwatin da ke mai da rubutu ƙara don ya bi waya. Na ce ko in ta tafi a hankali za ta tsallake. Ta tsallake da safe. Hadari ya taso, ta faɗi.

Laraba, 22 ga wata, da hantsi

Oga ya ba ni takardar tuhuma, ya ba Ummaru irinta. Ya ce hedikwata a Sakkwato sun gaji, za su turo Injiniya Tamba ranar Litinin uku ga watan gobe ya duba komai da kansa. Na san Tamba, tare muka yi kwas. Ba shi da suruki a Argungu. Daga mota zai sauko ya nemi tsani.

Oga ya ce, “Kai ka zana man benen ga, kai kuma ka kasa hwaɗa man inda yat tsage. Ko dai kwas ɗin yawon buɗe ido kat tahi?”

Na haɗiye. Da na buɗe baki da yanzu ina gida.

Alhamis, 23 ga wata, da yamma

Ummaru ya kira don karanto lambobi. Da ya gama bai ajiye ba. Ya ce, “Maliki, kifi na ganinka mai jar koma.”

Na ce ban gane ba.

“Ka gane sarai. Ni ban je Kaduna ba, amma na san duk randa anka yi ruwa ba mu da layi. Ɗiyana huɗu. In kunyar surukinka za ka ji, ji ta da aikinka, kada ka ji ta da nawa.”

Ya ajiye. Bai faɗi ƙarya ba, shi ya sa ta yi ciwo.

Juma'a, 24 ga wata, da safe

Ruwa.

Asabar, 25 ga wata, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Kulsumi, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na ce ta koma Argungu, wannan karon ta tsallake Inna ta gaya wa Baba da bakinta, kalma da kalma. Ta ce ba ta zuwa. Na ɗaga murya har maƙwabta a unguwarmu Badariya suka yi tsit. Na ce ita da uwarta sun mai da ni mahaukaci, saƙo ƙarami sun kasa kaiwa.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, “Kana tsammanin Inna ba ta gane ba? Ta gane tsab. Da gangan ta sauya shi.”

Na ce don me?

“In maganarka ta isa gare shi yadda kac ce, gobe da sahe shina bisa falwaya. Shi kaɗai, don ba ya yarda wani ya hau mashi. Bisa gulbi, cikin damina.” Ta tsaya. “Yaushe rabonka da ganin Baba bisa keke?”



“To a bar kaza cikin gashinta,” in ji ta, ta shige ɗaki.

Keken yana jingine a zaure tun kafin azumi. Na gan shi, tayoyin sun sace. Na ga kuma yadda yake bin bango da hannu in zai shiga ofis, da ranar da ya gai da Ummaru da sunan maigadi. Duk na gani. Ba zan rubuta abin da suke nufi ba, tun da mutanen gidansa ma ba su furta ba.

Lahadi, 26 ga wata, da azahar

Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, Tamba ya hau ya gani, a kori Baba a gaban jama'a. In na yi magana, Baba ya hau da kansa.

Talata, 28 ga wata, da hantsi

Na je Argungu da sunan duba modam. Gulbi ya cika ya batse, ya kusa taɓa gindin falwaya ta uku. Masunta na ta wucewa da jiragensu. Baba yana zaune a benci ƙarƙashin dalbejiya, filayarsa ta yankan waya a aljihun gaba kamar kullum, mai jan hannu wadda duk robar ta cinye. Na tsuguna daga nesa na gaishe shi.

Ya ce, “Yaya aikin naku?”

Na ce da godiya, Baba.

“An ce wani na tahe daga Sakkwato.”

Na ce haka ne, Baba.

“To Allah shi kawo shi lahiya.”

Na ce amin. Na tashi na tafi. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, kuma tausayinsa ya fi duka yawa.

Alhamis, 30 ga wata, da yamma

Na sayi sabuwar waya da tef da roba a kasuwa. Na ɓoye su a jakar babur kamar kayan sata. Kulsumi ta gani, ba ta tambaya ba.

Juma'a, 31 ga wata, bayan la'asar

Ban taɓa hawan falwaya ba. Ni mutumin tebur ne. Taɓa aikin mutum a bayan idonsa kuma ya fi gaya masa muni, in ya ji. Amma Lahadi ba kowa a ofis, sai maigadi.

Lahadi, 2 ga Satumba, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Na isa Argungu rana ta take. Na ce wa maigadi zan duba wani abu, ya ba ni tsanin ofis ya koma rumfarsa. Na jingina tsanin da falwaya ta uku. Ƙasar wurin duk laka ce, ƙafar tsanin ɗaya ta nutse, ya karkace. Na yi bisimilla na hau. Kowane mataki sai ya motsa, gulbi kuma yana gudu a ƙarƙashina ja wur. Na rantse a raina in na sauka lafiya ba ni ba falwaya har abada.

Da na kai sama na ga haɗin. An murɗe wayoyin da kyau, murɗin gwani, ba wanda zai kushe shi. An kuma naɗe tef sumul, layi bisa layi. Sai dai tef ɗin ba a kan haɗin yake ba. Yana gefe, tazarar kamar faɗin tafin hannu, a kan lafiyayyar wayar da ba ta bukatarsa. Haɗin kansa tsirara yake, ya yi kore shar da tsatsa. Hannun ya san aikinsa, wurin ne kawai bai gani ba.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ina share su da kafaɗa sai na ji tsanin ya daina rawa. Ya tsaya cak. Na duba ƙasa.

Baba ne. Ya riƙe tsanin da hannu biyu, ya taka ƙafarsa da tasa. Ya ɗago kai, amma ba ni yake kallo ba, can gefe yake kallo inda ba kowa.

In na yi magana ya gane muryata. In na sauko mu haɗu gaba da gaba.

Ya ce, “Bawan Allah, ban san ko kai wane ne ba. Idona ba ya kai can. Amma tsanin ga ba a hawansa ba mai riƙo. Yi aikinka.”

Na zaro filayata.

“In haɗin nan na, yanke shi duka, kada ka yi mashi kwaskwarima. Kankare wayar har ta yi ja kahin ka murɗa. Roba tukuna, sannan tef. Ka sunkuyar da bakin ƙasa don ruwa shi zube.”

Na bi abin da ya ce ɗaya bayan ɗaya. Filayata sabuwa ce, ta ƙi cin wayar. Ya ji ina fama, ya zaro tasa ya miƙo sama. Sai da na sauko mataki uku na karɓa, don ba daidai inda nake ya miƙa ba.

Ina murɗa yana magana, a hankali, kamar da falwayar yake yi.

“Ina da suruki cikin aikin ga. Yaron kirki na, sai zahin kai. Ya san laihina ne tun makon hwarko. Ya bi ya wahal da kainai, ya sha zagi, ya kusa jawo ma wani kora, don kada shi hwaɗa man. Ni ko na san ya sani. Na so in ce mashi, hau ka duba man, ni ban gani. To ta wane baki? Shi ba ya iya hwaɗa man, ni ban iya roƙonsa. Uwar ɗiyan kuma ta tsaya tsakani tana tace magana, wai kada in hau. Tana tsammanin ban gane ba.”

Ya ɗan yi dariya. Ni kuwa na ciji leɓe don kada sauti ya fita.

“Tun kaka ta bara abin ya soma. Kamar hayaƙi. Yanzu rana ma sai dai in ji ta ga jiki. Ban hwaɗa ma kowa ba sai kai, don ban san ka ba.”

Na gama. Na naɗe roba, na naɗe tef a kan haɗin, na sunkuyar da bakin. Na sauko a hankali, na juya masa baya, na ajiye filayar a kan matakin tsani inda hannunsa yake. Ya lalubo ta ya mayar aljihu. Na sa kai zan wuce ba tare da na ce uffan ba.

Na yi taku kaɗan sai ya ce, “Allah shi yi albarka. A gai da mutanen Badariya.”

Na juyo na tsuguna cikin lakar nan, na ce, “Za su ji, Baba.” Ya bi bango ya tafi.

Litinin, 3 ga Satumba, bayan la'asar

An kwana ana ruwa, an tashi da shi. Injiniya Tamba ya iso, ni da Oga muka raka shi Argungu. Kamar yadda na faɗa, ko ruwa bai sha ba ya nemi tsani. Ya hau falwaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ya daɗe a ta ukun. Da ya sauko ya ce wa ke da wayar nan?

Baba ya miƙe daga benci ya ce, “Ni ad da ita.”

Tamba ya ce haɗin sabo ne, kuma an yi shi yadda ya kamata. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Aka shiga ɗaki, Ummaru ya buga tsayin ruwa da yatsunsa biyu, aka kira Birnin Kebbi, akawu ya karanto abin da ya fito a can. Daidai, ba ko ɗigo da ya ɓata, ruwa kuwa na zuba a kan kwano kamar da bakin ƙwarya.

Oga ya rasa wanda zai sauko da shi. Ya ce to wane hawa ne ya ruɓe? Tamba ya ce tun da ya warke, a bar shi.

Muna shirin shiga mota Baba ya ce yana da magana da Oga. A gaban kowa ya yi ta, a tsaye. Ya ce ya gode da zaman da aka yi, amma shekaru sun ja, a nemo wani ya riƙe wayoyin daga ƙarshen wata. Oga ya yi ta lallashi, Baba ya ce ya riga ya gama shawara. Ba wanda ya kore shi. Da ƙafarsa ya fita, maigadi na yi masa a sauka lafiya.

Ummaru ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Wandonka na jiya ya bushe?” Na ce ya kama bakinsa.

Ya kamata in yi murna, amma ban ji ta ba.

Laraba, 5 ga wata, da hantsi

Saƙo ya iso. Cikakke.

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar

Kulsumi ta je gida ta dawo. Ta ce Baba ya yarda yayanta ya kai shi asibitin ido bayan an yi girbi. Shi da kansa ya ta da maganar, Inna har da kuka.

Sannan ta ciro wani ƙunshi daga jakarta ta ajiye mini a tabarma. Ta ce Baba ya ba Inna, Inna ta ba ta, ita kuma ta kawo. Leda ce a waje, cikinta ɗankwalin Inna, cikinsa tsumman da Baba ke goge hannu. Na warware su ɗaya bayan ɗaya. Filayar ce, mai jan hannu.

Na ce me ya ce a gaya mini?

Ta ce, “Bai ce komi ba. Inna ma ba ta ƙara komi ba. Ni ma ban rage komi ba.”

Na sa ta a aljihun gaba. Ta fi yadda nake zato nauyi.